Baƙin Mai a Zanen Mbah Rubinem

"Ba shi ba ne," in ji Mbah Rubinem, wato Kaka Rubinem. "Ku ɗauke min ledar nan daga jiki."

Wagiran yana tsaye a bakin ƙofar ɗakin, ya mai da hannayensa baya don kada ya shafa wa bango baƙin mai. Matarsa Sutiyem ce ta leƙa ta kan katanga ta ce ya bar abin da yake yi, tsohuwa na nemansa. Ya baro injin wata bas a kwance a tsakar gidansa, ya shigo ko sabulu bai taɓa ba.

Ɗakin a hargitse yake. Windarti, surukar tsohuwar, ta zazzage kabad da akwati biyu a kan tabarma tun da asuba, bayan malamar asibiti ta duba jikin ta ce a kira ɗanta Haryadi daga Jakarta, kada a ɓata lokaci. Haryadi yana cikin jirgin ƙasa. Tsohuwa kuwa ba ɗanta take tambaya ba, zanenta take tambaya.

"Mbah, shi ne mana," Windarti ta ce. "Ga gidajen nan ƙanana, baƙi da ruwan ƙasa, kamar yadda kika ce."

Mbah Rubinem ta murza ƙyallen tsakanin babban yatsa da manuni, ta juya bayansa, ta kai shi hanci. Shekara biyu ke nan da yanar ido ta rufe mata gani, amma shekara hamsin ta yi tana zane da narkakken kaki a kan farar auduga da ɗan butar tagulla mai bakin allura, tana turawa a baba da ruwan ɓawon itace. Wa zai yi mata wayo a kan zane?

"Wannan fuska ɗaya gare shi, inji ne ya buga. Nawa gaba da baya duk ɗaya ne. Ido na rasa, Win, ban rasa hanci ba. Daga rumfarki kika ɗauko shi."

Windarti ta sunkuyar da kai, don gaskiya ne. Irin zannuwan da take sayarwa ke nan a kasuwa, yadin roba mai sheƙi, wanda inji ke buga ɗaruruwa a wuni, daga nesa ba ka bambanta shi da aikin hannu. Ba mugunta ta sa ta ba. Ta gaji da nema ne, tana so tsohuwa ta samu natsuwa.

"Giran ya zo?" in ji tsohuwar.

"Ga ni, Mbah."

"Na ji warinka."

Shekara ashirin da biyu suna maƙwabtaka, katanga ɗaya ce tsakaninsu, kuma babu irin faɗan da ba su yi ba. Wagiran tsofaffin kayan mota yake saya yana kwancewa yana sayarwa, tsakar gidansa cike da giyar mota da lagireto da ƙofofin da tsatsa ta ci. Tsohuwa maƙabartar motoci take kiran wurin. Duk ranar da baƙin mai ya bi kwata ya shiga inda take ɗauraye zannuwa, sai duk layin ya ji. Amma murhun da take narka kaki a kai wilin mota ne da shi ya yanka mata, kuma bai taɓa wuni yana bugun ƙarfe ba tare da farantin soyayyen rogo ya tsallako katanga ba. Shekara uku da suka wuce, ranar da aka rufe gawar wata maƙwabciya da zane mai ƙyalli na kanti, Mbah Rubinem ta kira shi gefe. Ta ce shi ne ke ɗaukar gaban makara a layin nan, to ya ji da kyau, ita tana da nata, slobog, zanen rufe gawa, wanda ta yi da hannunta a shekarar da mijinta ya rasu, don shi da na aro aka rufe shi. Wata takwas ta yi tana aikinsa. Ta sa ya yi alkawarin da shi za a rufe ta, ya yi.

"Na tuna inda na sa shi," tsohuwar ta ce, tana hutawa tsakanin kalma da kalma. "Masu sayen tsofaffin zannuwa sun dame ni da sintiri, Haryadi kuma ya taɓa ba su biyu ban sani ba. Sai na ɓoye inda ɓarawo ba zai duba ba. Yana cikin buhun tsumma, ƙarƙashin gadon nan. Na naɗe shi a tsohon zanen mijina, kore mai gida-gida. Giran, durƙusa ka jawo, kai ne mai ƙarfi."

Windarti ta ɗago ta dubi Wagiran, shi ma ita yake kallo. Mako uku da suka wuce malamar asibiti ta ce a rage tarkacen ɗakin saboda ƙura na tayar wa tsohuwa da tari. Windarti da kanta ta jawo buhun ta miƙa masa ta kan katanga, ta ce ga na goge hannu. Har godiya ya yi.

"An fitar da buhun waje, Mbah," ya ce. "Bari in je in dubo."

"Kada ka daɗe. Ba ni da wuni guda."

Ya zazzage buhun a gaban tulin tayoyi. Sutiyem ta biyo shi ta tsaya a kansa. Ga tsofaffin riguna, ga gidan matashi, ga koren zanen mai gida-gida, ya riga ya yi baƙi da mai. Babu komai a cikinsa. Wagiran ya ci gaba da tona tsummokaran, ba don yana sa ran gani ba, sai don kada ya ɗago.

"Pak, ka gan shi?" ta ce. Pak shi ne Malam a wurinsu.

Ya juya wani tsumma.

"Ka dube ni. Ka gan shi?"

"Na gan shi."

"Lafiyarsa ƙalau?"

"Ko ɓula babu. A linke yake, yana ƙanshin saiwar jema."

"Yana ina?"

"Na naɗe wa Kardiman direba famfon man tifarsa da shi. Yau kwana tara."

Sutiyem ta zauna a kan wata taya kamar an ture ta.

"A buhun tsumma na same shi, Yem."

"Katanga ɗaya ce, Pak. Murya kawai za ka ɗaga ka tambaya."

Abin da ya fi cin ransa ke nan, don ya san ya yi tunanin tambayar. Da ya warware zanen a ranar sai da hannunsa ya tsaya, zuciyarsa ta ce wannan bai yi kama da tsumma ba. Amma Kardiman na ƙofa yana danna hon, famfon mai kuma ba ya son ƙwayar rairayi ko ɗaya, ga tsumman zamani duk roba, in ka goga wa ƙarfe sai dai ya ƙara dame man. Duk wanda ke sana'ar ƙarfe ya san darajar tsohuwar auduga, in ta faɗo masa ba ya son jin daga ina ta fito. Wagiran ya ce wa kansa tunda a buhu yake an yar ne, ya naɗe ƙarfensa ya ɗaure. Bai taɓa ganin zanen tsohuwa da idonsa ba, labari kawai ta ba shi, amma wannan ba hujja ba ce, kuma ya sani.

Ya kira lambar Kardiman sau huɗu, ba ta shiga. Dama ba za ta shiga ba, don mutumin yashi yake ɗiba a cikin kwazazzabon da ke gindin dutsen Merapi, inda waya ba ta kamawa. Tafiyar awa ɗaya da rabi ce a babur, in hanya ta yi kyau.

"In ta tambaya fa?" in ji Sutiyem.

"Ki ce ina nema."

"Ƙarya dai ba zan yi mata ba."

"Ai neman nake."

Tara ta ɗan gota ya fita. Babur ɗinsa irin na masu sana'arsa ne, tankin wani, fitilar wani, sarƙar wani, bai taɓa yi masa gardama ba, amma yau kowace ƙara ya ji daga injin sai ya kasa kunne. Ya ratsa gonakin shinkafa, ya wuce garuruwa biyu, sannan hanya ta fara hawa, tifofi na gangarowa da jiƙaƙƙen yashi suna watsa masa ruwa a fuska. Kowace ya gani sai ya rage gudu ya dubi direba. In Kardiman ya riga ya yi lodi ya nufi wani gari, shi ke nan. In kuma ya jefar da ƙyallen a bola tun ranar, shi ma shi ke nan. Wagiran ya yi ta juya waɗannan biyun a ransa har ya iso.

A bakin kwazazzabon akwai rumfar wata dattijuwa mai shayi, masu haƙar yashi na zaune sun jingine shebur. Tifar Kardiman shuɗiya ta hauro ke nan daga ƙasa da cikakken kaya, injinta na huci. Kardiman ya diro, ƙato ne mai gajeren wuya, yana ganin Wagiran ya nufo shi.

"Madalla, Pak Giran, ka hutar da ni da ka kawo kanka. Famfon nan naka tun shekaranjiya yake tari. Ka ce min daga motar da ba ta sha wahala ba ka ciro, ashe kakar motoci ce."

"Zan canza maka, Mas Kardi. Ba shi ya kawo ni ba."

"To me?"

"Ƙyallen da na naɗo shi. Yana ina?"

Masu shebur suka tuntsire da dariya. Ɗaya ya ce tun daga garin Bayat mutum ya ƙona mai don neman tsumma, lallai kasuwar ƙarfe ta mutu. Wani ya ce a ba shi singiletinsa, ya fi wancan tsufa. Kardiman bai yi dariya ba, a tunaninsa raina masa hankali ake yi.

"Ina maganar mota kana maganar tsumma?"

"Ba tsumma ba ne. Na maƙwabciyata ne, tsohuwa, tana kan gargara. Da shi za a rufe ta."

Dattijuwar mai shayi ta ajiye buta. "Ban faɗa maka ba, Kardi? Tun ranar farko na ce wannan slobog ne, ba a zama a kansa. Ka ce min almarar tsofaffi ce."

Dariya ta ɗauke. Kardiman ya dubi mai shayin, ya dubi motarsa, fuskarsa ta sauya. Mutumin da ke gangara kwazazzabo sau shida a wuni da birkin da ya sani ba ya wasa da irin wannan.

"Kwana tara ina zaune a kan zanen gawa?"

"Ba a taɓa rufa wa kowa ba," in ji Wagiran. "Mai shi tana da rai. Da safe dai na baro ta da rai."

Kardiman ya buɗe ƙofar motar da kansa. Zanen na kan kujerar direba, a linke biyu, don kujerar roba ce, tana ƙona mutum da rana. Wagiran ya ɗauko ya warware. A tsakiya baƙin man famfo ya zauna, faɗin faranti. Ga shatin gumi, ga ɗan ƙunar taba. Amma ƙananan gidajen nan baƙi da ruwan ƙasa suna nan a jere, gaba da baya iri ɗaya. Sai da ya kai ƙarshe ya ga gefe ɗaya a yage, zare na reto.

"Sauran fa?"

Kardiman ya sosa ƙeya. "Tiyon lagireto ne ya tsage ranar Talata. Na gwada ɗaurewa da rigar ƙwallo, ta narke. Sai na yagi wannan, kamar faɗin tafin hannu. Shi ne ya riƙe."

Suka ɗaga murfin injin. Ga tsagin zanen nan a nannaɗe a jikin tiyon, yana tururi.

"Ka ba shi rabin awa ya huce," in ji Kardiman. "Ko ka tafi da babban, wa zai auna?"

"Ita."

Wagiran ya dubi agogon wayarsa, sha ɗaya da rabi. Ya dubi saman dutsen, hadari ya fara haɗowa. Ya koma babur ya kwance robar tayar da yake ɗaure kaya da ita, ya dawo ya zura hannun dama cikin injin. Ƙullin ya ƙi, ya ja da farce, ya sake ja. Da ƙullin ya saki sai tafasasshen ruwa ya feso ta tsagar ya wanke masa bayan hannu har wuyan hannun. Bai saki ba. Ya warware tsagin zanen ya cafke shi da haƙori, ya naɗe tiyon da roba ya ɗaure tam, sannan ya ja baya ya durƙusa, idanunsa na kawo ruwa.

Mai shayi ta kwarara masa ruwan sanyi daga bokiti tana yi masa faɗa, ta ce tsohuwar can ba za ta gode masa ba in ya koma mata da hannu ɗaya. Fatar ta riga ta tashi. Kardiman ya matso kusa da shi.

"Bar maganar famfo, Pak. Ka ce wa tsohuwa wani direba ya ce ta yafe masa, bai sani ba."

"Kai ba ka sani ba," in ji Wagiran. Ya linke zanen da tsaginsa, ya cusa cikin riga a jikin cikinsa, ya tayar da babur.

Ruwa ya tsuge tun bai sauka daga gangaren ba. Hannun da ke murza mai shi ne ya ƙone, kowane digon ruwa sai ya ji shi har ƙwaƙwalwa. Ya duƙa a kan tanki don ya kare zanen. Sau uku waya ta yi motsi a aljihunsa, sau uku ya ƙi tsayawa. In labarin rasuwar ne, to tsayawa ba za ta canza shi ba, in ba shi ba ne kuma, minti biyu ya yi asara. Tsoro ne dai yake ji, tsoro sosai, irin wanda bai ji ba tun ranar da aka shiga da Sutiyem ɗakin tiyata.

A yankinsu in an yi rasuwa jar tutar takarda ake ɗaurawa a bakin layi. Tun daga kwanar masallaci Wagiran ya kafa wa falwayar wutar ido. Babu komai a jikinta. Sai da ya matso ya ga mai unguwa zaune a ƙarƙashin rumfar shago, da sandar gora da jar takarda a cinyarsa, yana shafa gam.

"Da saura," in ji mai unguwa, ba tare da an tambaye shi ba. "Amma ka yi sauri."

An riga an fara jera kujerun roba a ƙofar gidan. Daga ciki ana jin mata suna karanta Yasin ƙasa-ƙasa. Haryadi ya iso, yana tsaye a barandar da rigar ofis, idanunsa jawur. Windarti ta gaya masa komai. Ya miƙa hannu, Wagiran ya zaro zanen ya ba shi. Haryadi ya warware, ya dubi baƙin man, ya dubi yagar, muƙamuƙinsa na motsi.

"Wannan za ka sa wa mahaifiyata a hannu, Pak Giran?"

"Shi ta aike ni in kawo."

"Ita ba ta gani, amma jama'a na gani. Gobe duk garin nan za su ce mun rufe ta da tsumman gareji."

"A ba ta gefen da ke da tsabta ta taɓa," Windarti ta ce cikin raɗa. "In ta ji wari a ce man fitila ne ya zuba. Hankalinta ya kwanta, daga baya a san yadda za a yi."

Wagiran ya dubi Haryadi. Ɗanta ne, ba shi da ikon ture shi. Kuma can cikin ransa akwai inda yake so a yi hakan, a ce man fitila ne, ya tsira. Yana cikin wannan sai murya ta fito daga ɗakin, siririya, amma kowa ya ji.

"Ku bar shi ya shigo. Tun daga bakin layi nake jin babur ɗin nan."

Mata suka matsa. Ta ƙara ramewa daga safe zuwa yanzu, numfashinta na fita da ƙyar. Sutiyem na zaune a gefen kanta tana ɗiga mata ruwa da cokali. Wagiran ya durƙusa, ya shimfiɗa mata zanen a ƙirji, ya ɗora tsagin a kai.

Yatsunta suka kama aiki. Ta murza, ta juya, ta bi gidajen ɗaya bayan ɗaya har wani lungu, inda akwai ɗan ɗigo da ba ya cikin tsari. Nan ta tsaya.

"Shi ne. Nan kaki ya ɗiga min, ranar arba'in ɗin mijina." Ta ja shi zuwa hanci, ta daɗe. "Baƙin mai."

"Ni ne, Mbah." Ya ji Haryadi ya motsa a bayansa, bai waiwaya ba. "An ba ni buhun don goge hannu. Na gan shi, na ga lafiyarsa ƙalau, na so in tambaya ban tambaya ba. Na naɗe famfon mota da shi na ba wani direba. Ya zauna a kai kwana tara, ya yagi gefe ya ɗaure tiyo. Daga can nake."

Karatun ya tsaya. Ana jin ruwan indararo na zuba a kwata. Tsohuwar ta laluba ta sami bakin yagar, ta bi shi daga farko har ƙarshe, ta ɗauki tsagin ta gwada. Windarti ta rufe baki da gefen mayafinta.

"Ya riƙe tiyon?" in ji tsohuwar.

Wagiran ya ɗago, bai tabbata ya ji daidai ba.

"Na ce ya riƙe?"

"Ya riƙe, Mbah. Kwana uku a tafasasshen ruwa. Ya ce ya fara gwada rigar ƙwallo, ta narke."

"Ai dole." Gefen bakinta ya ɗan motsa. "Ka ji, Win? Auduga ce. Launin fa, ya zuba?"

"Bai zuba ba."

"Sau ashirin da ɗaya na tura shi a baba." Ta huta. "Shekara ashirin da biyu ina fama da warin manka ta kan katanga, Giran. Yanzu kuma har maƙabarta zai raka ni."

Wata daga cikin matan ta yi dariya, dariyar ta juye kuka. Mbah Rubinem ta ce Sutiyem ta kawo allura da baƙin zare ta haɗa yagar, ɗinkin hannu, kada a kai wa keken ɗinki. Ta ce kada a wanke yanzu, ba zai bushe ba, a rufe ta da shi haka. Ta kira Haryadi ta tambaye shi ko ya ji, ya ce ya ji. Sannan hannunta ya sauka daga zanen yana lalube, ya faɗa kan hannun Wagiran, daidai wurin ƙunar. Ya cije leɓe. Ta shafa bororon a hankali, ba ta tambayi komai ba.

"Mbah, ki yafe min. Direban ma ya ce ki yafe masa."

"Direba na yafe masa."

"Ni fa?"

"Kai ka jira. In Yem ta gama ɗinki ka sake tambayata."

Haka take yi masa tun da can. In ya ɓata mata ruwan ɗauraya ya zo ban haƙuri, sai ta bar shi tsaye a rana har ta gama abin da take yi, sannan ta ce ya wuce, ta miƙo rogo. Ya san wannan, amma yau bai iya rarrabe ko wasan ne ko ba shi ba ne. Ya zauna a durƙushe, hannunsa a ƙarƙashin nata, idonsa a kan allurar matarsa.

Faɗin zanen ya fi kamu biyu, bakin yagar kuma ya zazzare, dole Sutiyem ta riƙa lanƙwasa shi tana daidaita gida da gida. Ta yi sauri iya yinta. Zare ya ƙare, ta nemi ramin allura, sau uku tana kuskure, Windarti ta karɓa ta zura mata. Mata suka koma karatu. Haryadi ya sunkuya yana laƙanta wa mahaifiyarsa kalmar shahada, leɓɓanta na bi. An wuce rabi. Numfashin ya fara nisa da juna, Wagiran na ƙirgawa tsakani, yana cewa a ransa, Yem, yi sauri, amma bai furta ba don kada ya rikita ta.

Saura kamar faɗin yatsa uku ya ji nauyin hannun ya canza. Ya jira numfashi na gaba, bai zo ba. Haryadi ya shafa mata idanu. Aka yi salati a hankali, wani ya fita ya gaya wa mai unguwa.

Sutiyem ba ta ajiye allurar ba. Hawaye na zuba, ta ƙarasa yatsa ukun, ta ƙulle, ta yanke zaren da haƙori. Sannan ta dubi mijinta.

"An gama, Pak."

Wagiran ya dubi fuskar tsohuwar. Wadda zai sake tambaya ta tafi.

Washegari da hantsi aka fito da ita. Haryadi da kansa ya shimfiɗa zanen a kan gawar, ya juya shi ta nan ya juya ta can, baƙin man dai a tsakiya yake, babu yadda za a ɓoye shi, sai ya bar shi. Masu zuwa gaisuwa sun gani, wasu sun dubi juna. Wagiran ya ɗauki gaban makara a kafaɗar hagu, hannun dama a ɗaure da bandeji. Duk tsawon hanya yana jin warin, baƙin mai da jema.

Kwana uku bayan nan Sutiyem ta karɓo zanen, don ba a binne gawa da shi, a bakin kabari ake cirewa, ta wanke shi da 'ya'yan itacen sabulu, yadda tsohuwa ta koya mata, don omo na cinye launi. Sau uku tana sakewa. Gumin ya fita, man bai fita ba, sai dai ya ɗan dusashe. Ta shanya shi a inuwa, a kan gorar da ke tsakar gidan Mbah Rubinem, inda ake hango shi ta kan katanga.

Wagiran na zaune a cikin ƙarafunansa, injin bas ɗin yana nan yadda ya bar shi.

"Yem, kina ganin ta yafe?"

"Hannunka ta riƙe har ƙarshe, Pak. Abin da na gani ke nan."

Ya gyaɗa kai, ya tashi ya jingina da katangar. Babu iska. Zanen na rataye shiru, ɗinkin Sutiyem ya ratsa gefensa, ruwa na ɗiga daga bakinsa ɗaya bayan ɗaya a kan wilin motar nan na murhu, inda ɗan kaskon kakin yake zaune, kakin ya daskare a ciki.